Jan Dalma a Kan Ƙanƙara

Birch Landing, Alberta
Nuwamba, 1994

Yayana Hedley,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da Verna. Yaya ƙafafunta? Ka ce mata man da na aiko na shafawa ne, ba na ado a kan kanta ba. Ni lafiyata ƙalau, ban da bayan nan da ke yi min ciwo saboda tsayuwa a gidan wanki. Kayan ma'aikatan man fetur sai ka wanke su sau biyu kafin ka san asalin launinsu. Da wayar tarho tana da amfani a wurinka da na kira, amma tunda ƙarar injin jirgin ruwa ta cinye maka kunne, ni in yi ta ihu kai kana ta "me kika ce?", gara takarda.

To, ga labarin ɗanka. Wade ya zama abin kwatance a garin nan. Tun da aka fara wasan hokin ƙanƙara na bana babu wanda ya kai shi zura faifan roba a raga. Kocinsu, wani Halvorsen, ya ce in ya ɗore a haka masu zawarcin 'yan wasa daga manyan ƙungiyoyi za su zo kallonsa kafin ƙanƙara ta narke. Ka san abin da wannan yake nufi. Yaron da ya tashi a Gannet Arm, inda gwamnati ta rufe teku ta hana kamun kifi, ba shi da wata ƙofa sai wannan.

Ran Asabar suka yi wasa a gida. Mu mutanen tsibirin Newfoundland kullum wuri ɗaya muke zama, bayan raga ta wajen ƙofa, ni da Eli Keeping da duk waɗanda suka baro gida suka zo aikin mai. Wade ya ƙwace faifai, ya yanke mutum biyu, ya zura. Maimakon ya ɗaga sanda ya koma kamar kowa, sai ya kai gwiwa ɗaya ƙasa, ya ajiye sandar, ya leƙa ƙanƙarar kamar mai leƙa ruwa daga gefen jirgi. Ya saki igiyar da babu ita har ƙasa, ya ɗago gaba guda, ya shiga jan dalma, dalmar nan mai ƙugiya ta kamun kifi. Yaya, jan dalma! Gajere biyu, dogo ɗaya, sak irin naka. Sannan ya waiga ta kafaɗar hagu, ya miƙe ya ɗauki sandarsa.

'Yan garin nan suka yi tsuru-tsuru, ba su gane komai ba. Ina za su gane, mutanen da in ka ce kifi sai su tambaye ka wane iri, kamar akwai wani kifi a duniya bayan kod. Amma ɓangarenmu, kai! Eli ya miƙe yana ihu, "Hedley ne! Na rantse Hedley Durnford ne a kan ƙanƙara!" Kai ɗin yake kwaikwaya, babu ko tantama, mutane suka yi ta dariya har da hawaye.

Da aka tashi na jira shi a ƙofar baya. Na ce, "Kai, ɗan nan, nawa ka kama?" Ya ce, "Gwaggo, yi shiru, kar jami'an kifi su ji." Tun ranar duk cin da ya yi sai ya durƙusa. Koci yana ɗaure fuska, wai a nan ba a haka, mutum in ya ci sai ya nuna kamar ya saba ci. Shi dai ya sani.

Yana zuwa cin abinci wurina ran Lahadi, kuma ci yake kamar wanda aka biya. Ya ce in gaishe ku. Na san halinku ku biyun, babu mai rubuta wa wani, sai ka ce alƙalami zai cije ku.

Ƙanwarka,
Dulcie


Gannet Arm, Newfoundland
Disamba, 1994

Dulcie,

Takardarki ta zo a jirgin Talata. Muna lafiya. Ƙafafun Verna suna nan jiya-i-yau, tana shafa man, ta ce ki daina yi mata faɗa daga nesa. Gidan Skinner su ma sun tafi, an buga katako a tagogi, karensu yana wurina. Makaranta an ce baɗi za a rufe. Jirgina yana kan tudu a kife, na shafe shi da fenti ban san don me ba. Ko kifin da mutum zai sa a tukunya ba a yarda ya kama ba. Wanda muke ci yanzu daga kantin Fudge yake, daskararre, daga wata ƙasa, kuma ɗanɗanonsa kamar kwali.

Na karanta takardarki, na ba Verna ta sake karanta min don kada in ce idona ne. Kin ce ni yake kwaikwaya, mutane suna dariya har da hawaye. Madalla. Ashe abin da na zama ke nan. An raba ni da teku, an zaunar da ni ina jiran taimakon gwamnati kamar majinyaci, abin da ya rage shi ne ɗana ya mai da ni wasan biri a gaban baƙi. Ke kuma kina rubuto min kamar albishir.

Jan dalma ba rawa ba ce. Da shi ubanmu ya ciyar da mu, kin sani, igiya ta tsattsage masa hannu har ya mutu bai warke ba. Ni na koya wa yaron nan, shi a tsakiyar jirgi, ni a baya wajen inji. Ko ranar da ya ciro kifin da ya kusa kai shi tsawo ban yi tsalle ba, ban kuma bar shi ya yi ba. Abin da nake cewa kawai shi ne, "Na gani. Ja." Haka ake aiki. Kocin nan da kike rainawa shi ne mai hankali a cikinku.

Su Eli kuma su yi ta dariya, me zai hana su? Sun samu albashi da gida mai ɗumi. Da Eli ne yake wucewa kullum ta gefen jirginsa a kife, da mun ga ko zai yi dariya.

Ki gaya wa yaron nan, ko ya daina, ko ya cire sunan Durnford daga bayan rigarsa. Ban sayar da tarun ubanmu na saya masa takalman ƙanƙara don ya yi wasa da ni ba.

Verna ta saƙa masa safa, suna cikin ƙunshin nan tare da burodi mai tauri da kike so. Barka da Kirsimeti.

Yayanki,
Hedley


Birch Landing
Janairu, 1995

Yaya,

Barka da sabuwar shekara, da fatan kun ga Kirsimeti lafiya. Har yanzu ban ga amsarka ba, na ce ko iska ce ta tsare jirgi. Sanyin nan ya kai in ka fita gashin hanci yana daskarewa. Mura ta kama ni ta sake ni. A gaida Verna.

Yaya, abu ya ɓaci. Akwai wani mai sharhin wasanni a rediyon garin nan, bakinsa kamar reza. Shi ya fara cewa abin da Wade yake yi da hannu, sama da ƙasa, batsa ce. Batsa fa! Wai zagi ne irin na 'yan iska, waigen da yake yi ta hagu kuma wai harara ce ga abokan hamayya don ya tsokane su. Mutumin da bai taɓa ganin teku ba sai a kalanda. Iyaye suka fara cewa ba za su ƙara kawo 'ya'yansu kallo ba. A gidan wanki wata ta ce min, "Ashe ɗan yayanki ne marar tarbiyyar nan?" Da ba aiki nake tsoron rasawa ba da ta sha mamaki. Na kira gidan rediyon da kaina, na ce dalma ce, ta kamun kifi, mai ƙugiya biyu, ana sakinta ƙasa ana fizga. Ya ce, "Baiwar Allah, nan filin hoki ne, ba tafki ba," ya kashe min waya. Waigen dai ni ma ban san dalilinsa ba, na tambayi Wade ya ɗaga kafaɗa kawai.

A wasan da ya biyo baya wani ƙato ya bari sai da ya durƙusa, ya zo ta baya ya maka shi da katangar fili. Haƙori ɗaya ya tafi, leɓe ya sha ɗinki. Ƙaton kuwa ɗan zama kawai aka ba shi a akurkin hukunci, ya fito yana murmushi.

Sai mutanenmu suka ce ba za su yarda ba. Eli ya bi gida-gida ya tattaro busasshen kifin gishirin da kowa ya ɓoye yana ci kaɗan-kaɗan. Ka san a nan sai mutum ya ci uku a wasa ɗaya ake jefa huluna fili. To Wade ɗaya tak ya ci, kifi ya riƙa sauka kamar ruwan sama. Ba wanda ya tuna abin da gishiri yake yi wa ƙanƙara. Fili ya yi ramuka, aka tsayar da wasa, alƙali ya hukunta ƙungiyarmu, a cikin hukuncin aka ci mu, muka sha kashi. Ni ma na jefa, ba zan ɓoye maka ba. Garin neman gira mun kusa raba yaro da ido. Washegari Halvorsen ya kira shi ofis ya ce in ya sake durƙusawa ko sau ɗaya, ya kwashe kayansa ya bar ƙungiyar.

Don Allah ka rubuto masa ko layi biyu ne, yana bukatar

Yaya, a nan na ajiye alƙalami shekaranjiya, yau na dawo masa. Ƙunshinka ya iso. Wade na aika ya karɓo min daga gidan waya, ya kawo jiya Lahadi. Ina kicin ina fama da naman gishiri da kabeji na ce ya buɗe mana, ko akwai abin da uwarsa ta sa masa. Na fito na same shi tsaye da takardarka a hannu. Ya ce, "Gwaggo, me kika gaya wa Baba?"

Na karɓa na karanta. Wayyo Allah! Hedley Durnford, kai wane irin mutum ne? Na ce dariya har da hawaye, sai ka ɗauki dariyar ka bar hawayen? Eli Keeping, ƙato da gemu, kuka yake yi kamar an yi masa mutuwa. Ni kaina sai da na cusa gyale a baki. Ba kai ake yi wa dariya ba, gida muka gani! Mutane sun yi shekaru ba su ga hannu ya yi haka ba, sai ga shi a tsakiyar Alberta. Laifina ne da ban iya rubutu ba, amma kai ma ba ka iya karatu ba.

Na yi ta yi masa bayani, leɓe a kumbure yana kallona. Bai ci abincin ba. Ya ɗauki safar, ya ce in gode wa Mama, ya fita.

Dulcie


Birch Landing
Fabrairu, 1995

Yayana,

Ina gaisuwa. Allah ya sa lafiya ce ta kawo shirun nan, ba fushi ba. Matar Ches Skinner, da suka iso nan kwanan baya, ta ce ta ji ƙanƙara ta toshe muku bakin gaɓa. In haka ne, kuna da itace? Verna tana da maganinta? Ni bayan nan ya matsa, amma ina zuwa aiki.

Ɗanka ya daina ci. Ba ciwo ba ne, ba kuma tare shi ake yi ba. Sai ya kai gaban raga, mai tsaron gida ya faɗi, ƙofa a buɗe ko Verna za ta zura, sai ya miƙa wa wani. Tun ranar takardarka haka yake yi. Mai rediyo yanzu cewa yake an koya wa ɗan tsibiri hankali.

Ran Lahadi na tsare shi. Na ce, "Kai, ni za ka yi wa wayo? Ni na wanke ka kana jariri. Na ga abin da kake yi."

Ya daɗe yana juya cokali a shayi. Ya ce, "Gwaggo, in na ci me zan yi? In na durƙusa, koci ya kore ni, Baba ya cire ni daga sunansa. In na tsaya a tsaye, su Kawu Eli su ce na ji kunyar gida. In ban ci ba, babu wanda zai tambaye ni komai."

Na ce, "To wa ya sa ka tun farko?"

Ya ce, "Ba wanda ya sa ni. Ban ma shirya ba. Faifan yana shiga na ji abin nan a hannu, irin in kifi ya taɓa igiya. Kafin in ankara gwiwata ta kai ƙasa."

Su Eli kuma ba sa taimakawa. Sun buga riguna da hoton dalma a ƙirji, kowa yana sawa zuwa fili, har da jarirai. Duk inda Wade ya shiga ana dafa masa kafaɗa, ba a barinsa ya biya ko kofi. Ƙaunarsa suke yi, na sani, amma ƙaunar ta shaƙe shi. Ran Juma'a Eli ya tare shi a wurin ajiye motoci, ina tsaye. Ya ce, "Ɗan Hedley, an ƙwace mana teku mun yi shiru. An kwaso mu nan mun yi shiru. Kai kaɗai ne bakinmu a garin nan, kar ka ba mu kunya." Na ce, "Eli, ka ji tsoron Allah. In an kori yaron nan kai za ka riƙe shi?" Ya ce ai akwai aiki a kamfani, shi zai yi masa hanya. Aikin kamfani! Ya zo ya zama irinmu ke nan, kowa yana cewa baɗi zan koma gida, alhali ya san babu abin da zai koma ya yi.

Shi kuma koci ya ce ɗan wasan gaba da ba ya ci ba shi da amfani a wurinsa. Masu zawarcin nan za su zo wasan farko na Maris. Gaba kura, baya sayaki, kuma yaron shekararsa goma sha tara. Ya rame, Yaya, wandon da na saya masa yana zamewa. Na rasa abin da zan ce masa, shi ya sa nake sake rubuto maka duk da haushinka da nake ji. Maganarka kaɗai yake ji.

Ƙanwarka,
Dulcie


Gannet Arm
Ƙarshen Fabrairu, 1995

Dulcie,

Muna raye. Ƙanƙara ta rufe mu sai da jirgin fasa ƙanƙara ya zo, takardunki biyu suka iso tare. Verna ta kwanta da ciwon ƙirji amma ta tashi. Fulawa da madara sun ƙare a kanti, mun ci abin da yake akwai. Itace ya isa.

Kin ce kuka Eli ya yi. To. Ni ban gani ba, abin da kika rubuta na karanta. Dariya ce ko kuka, haƙorin da ya fita ba na Eli ba ne. Verna ta ce in tambaya wane haƙori ne, na gaba ko na gefe.

Ki gaya masa ya buga. Wanda ya ji kifi a igiya ya ƙi ja ba a jirgina ya koyi aiki ba. Ya buga, ya ci, ya bar hannunsa a ƙasa. In su Eli sun yi magana, ya ce ubansa ne ya hana shi. Su zage ni, ina da nisa, kuma kunnena ba ya ji. Nan babu abin da zai dawo ya tarar sai ni da uwarsa da jirgi a kife.

Matuƙin jirgi yana jira, zan tsaya a nan.

Hedley


Birch Landing
Maris, 1995

Yaya Hedley,

Gaisuwa gare ku. Na gode Allah da Verna ta tashi, ka riƙa sa ta rufe ƙirji. Ka ce mata haƙorin na gefe ne, in bai yi dariya sosai ba ba a gani, kuma kwanan nan ba ya yi.

Takardarka ta zo gab da wasan. Na ba shi hannu da hannu. Ya karanta, ya ninke, ya sa a aljihu. Ranar wasa na tare Eli tun a ƙofa na gaya masa kai ka hana. Ya zage ka tas, har da kakanka, ya manta kakansa ne shi ma.

Fili ya cika maƙil. Masu zawarcin suna can sama cikin manyan kwat-kwat, ba sa tafi ba sa murmushi. Har aka shiga zagaye na uku, na ƙarshe, babu wanda ya ci. Sai ga Wade shi kaɗai da mai tsaron gida, babu wanda zai miƙa wa. Na rufe ido. Da na buɗe, jar fitilar da ke nuna an ci ta kama.

Ya tsaya. Yaya, ya tsaya ƙiƙam, sanda a ƙasa, hannu a ƙasa, kamar wanda aka kira gaban alƙali. 'Yan gari suna ta tafi. Ɓangarenmu kuwa tsit. Na ce shi ke nan, yanzu za su yi masa ihu. Sai Eli ya miƙe. Ya sunkuya kan kujerar gabansa, ya saki igiya, ya ɗago gaba guda, ya fara ja. Ches Skinner da ke gefensa ya miƙe shi ma. Kafin ka ce me, duk ɓangaren, maza da mata, kowa yana jan dalma, kuma babu mai magana. Alƙali ya juyo da usur a baki ya rasa wanda zai hukunta, domin babu dokar da ta hana ɗan kallo motsa hannunsa. Wade ya ƙara ɗaya kafin a tashi, ya sake tsayawa, muka sake yi masa.

Wata ƙungiya daga Amurka, can kudu inda dusar ƙanƙara ba ta sauka, ta gayyace shi gwaji da kaka. Halvorsen har hannu ya ba shi a gaban mutane. Ya tsira da gurbinsa, abin da ka so ya samu. Amma can babu Eli, babu ni, babu wanda ya san dalma. Na ce, "Ka yi murna mana, ɗan nan." Ya ce, "Ina murna, Gwaggo." Fuskarsa ba ta ce haka ba. Na tambaye shi ko zai je gida da bazara, ya ce ya samu aikin gini a nan, zai fi masa. Bai ambace ka ba, ni ma ban matsa ba. Ya yi abin da ka ce, amma har yanzu gani yake ka ɗauka raina ka ya yi, kuma da wannan zai tafi.

Ga kaset ɗin bidiyo. Matar da take ɗaukar wa ƙungiyar wasanni ta haɗa min duk cin da ya yi tun Nuwamba. Ka kai kantin Fudge a sa maka. Ka gani da idonka, na gaji da rubutun da ake karanta rabinsa.

Dulcie


Gannet Arm
Afrilu, 1995

Ƙanwata Dulcie,

Ina gaishe ki da kyau. Muna lafiya. Ƙanƙara ta fita daga gaɓa, Verna ta taka da ƙafarta har coci ran Ista. Yaya bayan naki? Ki nemi su ba ki kujera a wurin aikin nan.

Mun kalli kaset ɗin a kantin Fudge. Duk wanda ya rage a garin ya zo, kuma kantin bai cika ba. Fudge bai iya na'urar tasa ba, ya danna wani abu sai ga mu a wasan ƙarshe, daidai inda kuka miƙe. Fuskoki ba sa fita sosai, amma ban bukaci fuska ba. Na gane Eli ta gwiwar hannunsa da take fita waje. Na gane Ches, shi da fizga kamar mai faɗa da kifin. Gwaggo Myrtle Baggs ta tashi da sandarta ta je ta taɓa gilashin ta ce ga ɗanta nan, kuma shi ne. Gannet Arm duka tana can bayan raga, mu nan gadin gidaje kawai muke yi. Ke kuwa, Dulcie, ba ki iya ba. Da haka kika ja a jirgina da kin tsinka min igiya.

Sannan aka mai da shi farko, na ga abin da yaron yake yi. Ya kai ƙasa, ya ɗago gaba guda, gajere biyu, dogo ɗaya. Babu dutsen da zai riƙe masa ƙugiya a kan ƙanƙara, amma ko sau ɗaya bai bar dalmar ta kwanta a ƙasa ba. Mai ba'a ba ya tunawa da wannan. Na ce wasan biri ne, na janye.

Kin ce ba ki san dalilin waigen ba, mai rediyo ya ce harara ce. Ke ba ki taɓa fita su tare da mu ba. In yana tsakiyar jirgi yana ja, ni ina hagunsa, a baya wajen inji. Duk lokacin da kifi ya taɓa sai ya waigo ya ga ko na gani. Tun yana ƙarami haka yake yi. Ni yake nema, Dulcie. Duk sanyin nan yana waigowa, babu kowa a wurin sai katanga.

Na sa Fudge ya sake kai mu wasan ƙarshe. Ku hannunsa kuka kalla, ni wuyansa na kalla. Ya tsaya yadda na ce, hannu a ƙasa. Amma kafin abokansa su rufe shi, ya waiga hagu. Hannun na hana, ban san da wuyan ba. Na tashi na fita na bar su, na ce hayaƙin murhu ne ya dame ni. Verna ta biyo ni har kwatar jiragen ruwa, ta tsaya ba ta ce komai ba, abin da ba ta taɓa yi ba tun da na aure ta.

A bar shi ya tafi Amurkan. Kada ki bari ya yi tunanin dawowa don mu. Ba zan rubuta masa ba, ban iya ba, zan ɓata kamar yadda na ɓata wancan. Ke dai ran Lahadi in ya zo, ki bari ya zauna, ki tsaya ta hagunsa, ki gaya masa in ji ubansa: Na gani. Ja.

Yayanki,
Hedley